Hannun Yaro a Cikin Kwaɓi: Tunani Domin Bikin Iyali Mai Tsarki



Ga hunturu ya kankama, an rufe makarantu, yara sun cika tsakar gida, kuma nan ba da daɗewa ba Ekklesiya za ta kai mu ga bikin Iyali Mai Tsarki na Yesu da Maryamu da Yusufu, wanda yake bin bayan Kirsimeti. A irin wannan lokaci an saba jin limami yana magana a kan manyan al'amura, kamar alkawarin aure da biyayyar 'ya'ya da zaman lafiyar gida. Mu kuwa a wannan fitowa muna so mu tsaya a kan wani ɗan abu da wasu za su ga bai isa a ba shi shafi a jaridar dayosis ba, wato uwa ko uba su zauna da 'ya'yansu ƙanana su gasa biskit na cakulan. Muna roƙon mai karatu ya yi haƙuri da mu, gama akwai abin da yake damunmu game da 'ya'yanmu, kuma ta wannan ƙaramar ƙofa muka ga za mu fi iya shiga maganar.

Abin da yake damunmu shi ne wannan. A gidaje da yawa ana ciyar da yaro, ana ɗinka masa kayan Kirsimeti, ana fafutukar biyan kuɗin makarantarsa, amma mako yakan zagayo ba a sami sa'a guda da wani babba ya zauna ya yi wani aiki tare da shi ba. Kalmomin da ya fi ji su ne "tashi daga nan", "kada ka taɓa", "je ka waje ka yi wasa". A 'yan shekarun nan kuma an sami sabuwar hanyar korar yaro ba tare da tsawa ba: a miƙa masa waya ya yi shiru. A wasu gidajen kuwa akasin haka ne, gama an ɗora wa yaro aikin da ya fi ƙarfinsa, an sallame shi da shi, shi kaɗai, tun da asuba. Yaron da aka kora daga aiki da yaron da aka jefa cikin aiki, dukansu biyu an bar su ba babba a gefensu.

Bari mu fara da aikin kansa, domin kada a ce Fada yana wa'azin abin da ba ya yiwuwa. Iyayenmu na Zumuntar Mata Katolika sun san kayan haɗin ba su da yawa. Idan an ɗauki ƙaramin gwangwanin madara a matsayin ma'auni, ana bukatar fulawa gwangwani 3, sukari gwangwani 1, bota gwangwani 1, ƙwai 1, garin koko babban cokali 4, bakar hoda ƙaramin cokali 1, da ɗan gishiri abin da yatsu biyu za su ɗauka. Kokon da muke nufi shi ne garin nan mai launin ƙasa da ake yin cakulan da shi, kada wata kaka ta ji ta tafi jiƙa gero domin kokon da ake sha da ƙosai. Inda ba a sami garin koko zalla ba, Bournvita ko Milo za su iya tsayawa a madadinsa, sai dai a ƙara yawansu a kuma rage sukari, tun da akwai sukari a cikinsu.

Ana fara haɗa bota da sukari a kwano, a buga da cokalin katako har su yi laushi. Sai a fasa ƙwan a ciki a ƙara bugawa. A wani kwano dabam a tankaɗe fulawa da koko da hoda da gishiri tare, sa'an nan a riƙa zuba su kaɗan-kaɗan ana juyawa, har kwaɓin ya haɗe ya daina manne wa hannu. In ya yi tauri ainun a ɗiga madara ko ruwa cokali ɗaya ko biyu. Daga nan a riƙa gutsura ana mulmulawa kamar girman ƙaramin goro, a jera a farantin da aka shafa wa mai, a danna da bayan cokali, a bar tazara tsakaninsu domin suna buɗewa a wuta. Mai obin ya sa zafinsa a digiri 180, minti 10 zuwa 12 sun isa. Wanda ba shi da obin, wato yawancinmu, yana da hanyar da mata suka daɗe suna gasa kek da ita: a zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a rufe a ɗora a garwashi har ta ɗauki zafi, a jera 'yan duwatsu a kan yashin, a ɗora farantin, a mayar da murfi, in ana so a zuba ɗan garwashi a bisansa. Wannan hanya tana bukatar lura, domin duhun koko yakan ɓoye ƙuna, hanci ne yake fara ba mutum labari. Biskit kuma da taushinsa yake fitowa, sai ya huce yake ƙarfi, saboda haka kada a mayar da shi wuta don an ga bai yi tauri ba.

A cikin dukan wannan akwai rabon kowane yaro. Ɗan shekara 3 yana iya zuba gwangwanin da aka cika masa, yana iya danna kwaɓi da cokali. Ɗan shekara 5 yana iya tankaɗe da mulmule, yana ƙirga gwangwanaye da ƙarfi, ya koyi lissafi bai sani ba. Mai shekara 7 ko 8 a ba shi ƙwan ya fasa, a wani kofi dabam tukuna, domin ɓawo zai faɗa ciki, babu makawa. Wuta da tukunya mai zafi da farantin da ya fito, waɗannan na babba ne shi kaɗai, kuma a ja wa yara iyaka a ƙasa wadda ba za su ƙetare ba. Kowa ya wanke hannu da sabulu kafin a fara. Kada kuma a bar su su lashi ɗanyen kwaɓi, ko da za su yi kuka, gama ɗanyen ƙwai da ɗanyar fulawa suna iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da wuta ce kawai take kashe su.

Yanzu ga inda wahalar take. Uwa ita kaɗai za ta gama wannan aiki cikin rabin sa'a, ta share wurin, ta wuce ga wani. Da yara uku a gefenta zai ci sa'a biyu. Fulawa za ta zube, wani zai shafa koko a riga, wani biskit zai fito kamar kunkuru, wani kamar tsakuwa, a yi gardama a kan wa zai riƙe cokali. Hannun uwa zai yi ta ƙaiƙayi ta karɓe ta gyara. A nan ne muke roƙonku, ya ku iyaye mata, ku daure ku bar karkataccen biskit ɗin nan ya shiga wuta yadda yaron ya yi shi. Idan kin karɓe kin sake mulmulawa a gabansa, abin da zai ɗauka shi ne aikin hannunsa bai isa a ci ba. Idan kuwa kin gasa shi haka nan, kin ɗora a faranti ɗaya da naki, babansa ya dawo ya ɗauka ya ci ya tambayi wanda ya yi, to yaron nan ya sami wani abu da ba a saya masa a kanti. Sa'a ɗaya da rabi da kike gani ta ɓace, ita ce abin da kika ba shi.

Haka Allah yake yi da mu. Wanda ya halicci sama da ƙasa da kalma ba ya bukatar taimakon kowa, duk da haka ya ga dama ya sa hannuwanmu marasa gwaninta cikin aikinsa. Ku tuna da labarin ciyar da mutum dubu biyar. Dukan masu Bishara huɗu sun ba da shi, amma Yohanna ne, a sura ta 6, ya gaya mana inda abincin ya fito: wurin wani ɗan yaro da Andarawus ya nuna, mai gurasar sha'ir biyar da kifi biyu. Andarawus kansa ya raina abin, Ubangiji bai raina ba. Ya karɓi guzurin yaro ya yi godiya a kansa, da shi ya ƙosar da taron. Haka kuma gurasar da limami yake ɗagawa a Sadakar Mas ba daga sama take faɗowa ba. Wani ya shuka alkamar, wani ya girbe, wani ya niƙa, wasu hannuwa, sau da yawa na sistoci, suka kwaɓa ta da ruwa suka gasa. Abin da hannun ɗan Adam ya yi, shi Kristi yake karɓa ya mai da shi Jikinsa.

Littafi Mai Tsarki bai taɓa jin kunyar madafa ba. A Farawa sura ta 18 Ibrahim ya gaggauta zuwa wurin Saratu domin ta kwaɓa gari ta yi wa baƙi uku waina, a wannan zama kuwa aka yi musu albishir da haihuwar Ishaku. A Littafin Sarakuna na Fari sura ta 17 gwauruwar Zarefat tana da ɗan gari a tukunya da ɗan mai a tulu, tana shirin yi wa kanta da ɗanta abincin ƙarshe, sai ta fara toya wa annabi Iliya, garin kuwa bai ƙare ba har fari ya wuce. Ubangijinmu da kansa, a Matiyu sura ta 13, ya kwatanta Mulkin Sama da yisti da mace ta cuɗa cikin gari har duka ya tashi. Muna iya zaton inda ya ga wannan. Shekara wajen 30 ya yi a Nazarat, a gidan da ake niƙa ana kwaɓi ana gashi kowace rana, kuma mutanen garinsu sun san shi da sassaƙa, sana'ar Yusufu. Ɗan Allah ya koyi aiki a gefen babba, kamar kowane yaro. Sunan garin da aka haife shi ma, Baitalami, ana fassara shi da gidan gurasa.

Saboda haka ne Majalisar Batikan ta Biyu ta kira iyali ekklesiyar cikin gida a 1964, ta kuma bayyana a 1965 cewa iyaye su ne malaman farko na 'ya'yansu, kuma mafiya muhimmanci. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sake jaddada wannan a wasiƙarsa a kan iyali ta 1981. Mu limamai da katikis muna samun yaro sa'a ɗaya ko biyu a mako. Muna iya koya masa cewa haƙuri nagarta ne, amma a gaban tukunyar da aka hana shi buɗewa har minti 12 su cika yake ɗanɗana haƙuri. Muna iya koya masa gafara, amma ranar da ya kifar da kwanon sukari, ya ɗaga ido yana jiran mari, sai ya ji an ce "ɗauko tsintsiya mu share", ranar ce kalmar take samun ma'ana a zuciyarsa. Yaron da bai taɓa ganin jinƙai a fuskar uwarsa ko ubansa ba, da wuya ya gaskata mu sa'ad da muka ce masa Allah Uba ne mai jinƙai.

Amma ba za mu yi gaskiya ba idan muka bar maganar a nan, gama garin kokon nan da ke cikin kwano yana da nasa labarin, kuma akwai yara a cikinsa. Asalin itacen koko daga nahiyar Amurka ne. A ƙarni na 19 ya kafu a Afirka ta Yamma, kuma mutanen Gana har yau suna tunawa da Tetteh Quarshie, maƙerin da ya komo da irinsa daga tsibirin Fernando Po a 1879. A ƙasarmu ana noma shi a jihohi kamar Ondo da Osun da Kuros Riba, kuma da kuɗinsa aka gina dogon benen nan na Cocoa House a Ibadan, wanda aka buɗe a 1965. Ƙasashen Kwaddibuwa da Gana sun daɗe suna samar da fiye da rabin kokon duniya. Aikinsa kuwa mai wuya ne: a sare 'ya'yan daga jikin itace, a fasa su da adda, a kwashe ƙwayoyin a rufe da ganyen ayaba kwanaki su tsima, a shanya a rana, a cika buhuna a ɗauka a kai.

A 2020 wata cibiyar bincike ta Jami'ar Chicago, mai suna NORC, ta fitar da rahoto cewa yara kimanin miliyan 1.56 ne suke aikin da bai dace da shekarunsu ba a gonakin koko na waɗannan ƙasashe biyu, kuma mafi yawansu suna aiki mai haɗari, wato riƙe adda, ɗaukar kaya masu nauyi, da kusantar magungunan feshi. Wannan kuwa bayan manyan kamfanonin cakulan sun sa hannu tun 2001 a kan alkawarin kawar da mafi munin irin wannan aiki. Yawancin yaran nan a gonakin iyayensu da danginsu suke, kuma ba ƙiyayya ce ta sa iyayen suka ba su adda ba, talauci ne, gama rabon manomi daga kuɗin cakulan ɗan kaɗan ne. A 2024 farashin koko a kasuwar duniya ya haura dala 10,000 kowane tan, abin da ba a taɓa gani ba, duk da haka ƙaramin kaso ne na wannan hauhawa ya isa hannun mai gona a wannan kaka. Ga yaro ɗaya yana mulmula kwaɓin koko yana dariya a gefen uwarsa, ga wani ɗan'uwansa da tabon adda a ƙafa saboda kokon nan ɗaya. Ubangiji yana ganin su duka biyu.

Kada kuwa mu yi saurin nuna yatsa kudu ko ƙetare. Mu dubi tashoshin motarmu da bakin kasuwanninmu. Yarinya 'yar shekara 8 da farantin gyaɗa ko lemo a kai, tana ratsa tsakanin manyan motoci har bayan faɗuwar rana, tana tsoron komawa gida da saura, wannan ba a gonar koko take ba, a unguwarmu take, wani lokaci ma a layin 'yan katikisim muke ganinta ranar Asabar tana gyangyaɗi. Akwai kuma 'yan matan da ake ɗebowa daga ƙauye a kai su birni aikatau, a gidajen Kirista, su ne farkon tashi su ne ƙarshen kwanciya, 'ya'yan gida suna makaranta su suna wanke-wanke. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta hana a yi amfani da yaro domin talla ko bara. Ekklesiya ta riga ta yi magana tun kafin wannan: a 1891 Paparoma Leo na Goma Sha Uku, a wasiƙarsa a kan halin ma'aikata, ya gargaɗi duniya kada a sa yara aikin masana'antu kafin jikinsu da hankalinsu su yi ƙwari.

Wani zai ce, to Fada, ashe yaro ba zai yi aiki ba? Zai yi mana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma dukanmu da muka tashi a ƙauye mun bi iyayenmu gona, mun ɗebo ruwa, mun kora awaki. Tambayar da za a yi ita ce, aikin domin wa ake yinsa, kuma wa yake tsaye kusa. Idan aikin daidai ƙarfin yaron ne, akwai babba a gefensa mai koya masa, bai hana shi makaranta ko barci ko wasa ba, kuma in ya yi kuskure asarar ba a kansa za ta faɗa ba, wannan tarbiyya ce. Idan kuwa cin gidan ya rataya a wuyansa, aka tura shi inda babba ma yake jin tsoro, aka hukunta shi domin ciniki bai yi ba, to an ci amanar da Allah ya ba mu ranar da muka kawo shi baftisma. Mun san akwai gwauraye da marasa lafiya a cikinmu waɗanda tallan yaro ne yake sa tukunya a wuta, ba kuma mu rubuta wannan domin mu ƙara musu nauyi ba. Nauyin yana kan sauran jama'ar farish da suka san halin da gidan yake ciki suka yi shiru.

Mun kuma san cewa fulawa da bota da ƙwai sun yi tsada, har wani zai ji maganar biskit kamar ba'a. Gidaje biyu ko uku suna iya haɗa hannu, wannan ya kawo fulawa, wancan ƙwai da sukari, wancan gawayi, a tara yaran a tsakar gida ɗaya. Ma'aunin da muka bayar yana fitar da biskit wajen 30, ya isa kowane yaro ya ci ya kuma kai wa wani. Inda ko wannan bai samu ba, a yi da abin da ke akwai. Yaron da zai iya mulmula biskit zai iya mulmula ƙuli-ƙuli ko dakuwa, zai iya jera cincin da aka yanka, zai iya tsince wake.

Ku kuma iyaye maza, kada ku karanta wannan ku miƙa wa matanku jaridar kuna cewa ga saƙonki. Babu inda aka rubuta cewa mutuncin namiji yana zubewa in ya tsuguna ya hura gawayi ko ya riƙe wa ɗansa kwano. Almajirai da suka sauko daga jirgi a bakin Tekun Tibariya, Ubangiji da ya tashi daga matattu suka tarar ya riga ya haɗa garwashi, da kifi a kai, da gurasa. A sa 'ya'ya maza a aikin tare da 'yan'uwansu mata, gama wata rana matar wani za ta kwanta ciwo, 'ya'ya kuwa ba za su ci girman kai ba.

Idan biskit ya huce, kafin kowa ya kai baki, a tsaya a yi alamar gicciye, a bar ƙaramin cikinsu ya yi addu'ar godiya da kalmominsa, a kuma ƙara roƙo ɗaya domin yaran da suke aiki a gonakin koko da waɗanda suke talla a titi. Sa'an nan a raba kashi uku: ɗaya na gida, ɗaya na maƙwabta, Kirista ne ko Musulmi, kamar yadda muka saba aika wa juna abincin biki, ɗaya kuma na wani tsoho ko majiyyaci da ba ya iya zuwa coci, yaran da kansu su kai masa, su gaishe shi, su gaya masa su suka yi. Idan akwai yarinyar aiki a gidan, a kira ta ta zauna a tabarma ɗaya da 'ya'yan gida tun daga tankaɗe har zuwa ci, wanke-wanken ranar kuwa manya su yi.

Yesu, Maryamu da Yusufu, ku yi addu'a domin gidajenmu. Amin.